Mai Auna Iskar Tudu

Tela yana layi a ofishin wutar lantarki, keken ɗinkinsa ya kwana biyu ba wuta. Matar da ke gabansa doguwa ce, rana ta dafa mata fuska, takalminta duk ƙarangiya. Ba ta ɗaga murya. Tana gaya wa ma'aikaci ta gama auna iskar tudun bayan gari, kuma iskar za ta ba asibiti da kasuwa wuta, in wayoyinsu za su ɗauka.

"Malama, wayoyin nan ko tsuntsu da ƙyar suke ɗauka."

Ta jawo kujera ta zauna. "Kira min babbanku."

Tela yana tausaya wa mahaifiyarta, da za a tambaye ta aikin 'yarta ta ce iska take aunawa. Duk da haka, shi ma ya jawo kujera.