Mai Giɓi da Hamonika

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana busa saksafon, sai wata safiya tayar kekensa ta faɗa rami, haƙoransa huɗu na gaba suka zube a kan kwalta. Daga ranar aka daina ce masa Mai Agogo, ko da yake har gobe gyaran agogo yake yi a wani ɗan tsukin shago kusa da tasha. Ya koma Mai Giɓi, kuma matarsa ce ta raɗa masa, ita da ya kamata ta fi kowa jin tausayinsa.

Giɓin bai dame shi ba. Damuwarsa ita ce da haƙoran sama ake dafe bakin saksafon. An yi masa na roba, amma da ya cije sai su zame, sautin ya fito kamar kukan agwagwa.

Su biyar ne a ƙungiyar kiɗansu, duk Asabar da la'asar suke gwaji a ɗakin da ke bayan shagon wani tela. Ranar da ya koma, mai fiyano ya danna wani maɓalli a jikin fiyanonsa na lantarki, sai ga muryar saksafon ta fito tsaf, ba tari ba haki. Shugabansu, mai jita, ya sunkuyar da kai ya ce suna da wasa ƙarshen wata. In abin bai yiwu ba, maɓallin zai riƙe masa wurin. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ma ta fi zafi. Mai Giɓi ya ji tsoro, don ban da wannan ɗakin bai san inda zai kai Asabar ɗinsa ba.

'Yarsa ce ta kawo masa hamonika, 'yar ƙaramar abar busa mai rami goma, ta ce ita wannan ba ruwanta da haƙori. Ya juya ta a tafin hannu, ya ce abin wasan yara za a ba shi da furfurarsa. Amma da babu gara ba daɗi.

Waƙoƙin rawa ba su ba shi wuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne waƙoƙin juyayi, masu sautin nan mai karya zuciya da makaɗa ke ce wa maina, kuma da su ya yi suna. Duk yadda ya hura, abar nan sai ta yi fara'a. Waƙar rabuwa ta koma kamar ana kiran yara cin abinci. Da yake mai taurin kai ne, ya kwance hamonikar a teburin agogo, ya sa gilashin ido, ya kankare wani ɗan siririn ƙarfe a ciki don ya sauya masa murya. Ƙarfen ya karye. Ya sayi wata a ɓoye.

Saura kwana tara a yi wasan, yana zaune a shago da tsakar rana, hamonika a baki, ya gaji ya fid da rai. Ya ja dogon numfashi zai yi ajiyar zuciya, sai ramuka uku na tsakiya suka amsa tare da sautin da ya yi mako uku yana nema. Ya sake ja, ya sake ji. Ba wai bai san ana ja ba ne. Shi dai shekara talatin hurawa ya sani, don haka a kan huri yake ɗora kowace waƙa, jan kuwa ya mai da shi ɗan rakiya. Ashe gindin waƙar juyayi a jan yake.

Sauran aiki ne kawai. Ya koyi fitar da iska ta hanci, don ƙirjinsa kan cika har idonsa ya yi ja, matarsa na dariya tana miƙo ruwa. Gudun nan mai tsawo da yake yi da yatsu a saksafon ya ƙi shiga rami goma, ya zubar da rabinsa, ya ja sauran a hankali. Zubarwar ta yi masa ciwo.

Asabar ta ƙarshe kafin wasan ya ce musu sai an ɗaga waƙar sama kaɗan, don hamonikarsa ba za ta sauko ba. Mawaƙiyarsu ta yi ƙorafin maƙogwaro, sannan ta yarda. Da aka zo wurinsa ya rufe ido ya ja. Ya gama, ya jira ta shigo da baitinta, bai ji ta ba. Ya buɗe ido ya ganta tana goge fuska da gefen mayafi, tela ma ya tsayar da kekensa.

"Ba irin na da ba ne," in ji Mai Giɓi, kamar mai ba da haƙuri.

"Ba shi ba ne," mai jita ya ce. "Saura waƙa goma sha ɗaya. Asabar mai zuwa ka zo da wuri."