Fostar da ta kashe Mama Afiniki

Mama Afiniki ta Fadan Kagoma ba ta taɓa shiri da datti ba. Tana budurwa uwarsu ta rasu ta bar mata ƙaninta Kumai a goye. Ita ce noman citta, ita ce raino, kuma ko zanenta duk faci ne, sai ta wanke shi tas kafin ta shiga coci. Da guminta Kumai ya yi karatu har ya zama malami a Kauru, daga nan kuma ya ɗauke ƙafa. Kirsimeti ya ce hanya ba kyau, Ista ya ce ciwon gwiwa.

Da ta cika tamanin ta shirya sujadar godiya. Shinkafa da rawa ba su dame ta ba, burinta Kumai ya zauna kusa da ita a coci tana da rai. Ta aika masa, ya ce gwiwa.

Jikanta Derrick yana da shagon yin fosta a Kafanchan. Ta ɗinka sabon leshi, ta kafa ɗauri, ta hau mashin har shagon ya ɗauke ta hoto don fostar gayyata. Shi kuwa gwani ne a wani aiki da matasa ke rububi. Zai ɗauki hoton kwanon rufi mai tsatsa da tsagaggen bango, ya cukuikuye takarda ya ɗauke ta, sannan ya ɗora su duka kan fuskar mutum a kwamfuta. Ya cire kala, ya yage gefe, ya watsa ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda. Mawaƙa na so a yi wa fostar wasansu haka. Abin takaici, kakarsa ma haka ya yi mata, ko tunani bai tsaya yi ba.

A Kagoma kuwa, tsohuwa a fosta, baƙi da fari, ga shekarunta a ƙasa, kowa ya san abin da ake nufi. Wa zai tsaya karanta rubutun da aka kankare rabinsa da gangan? Kafin a ankara hoton ya zaga wayoyi. Matan zumunta na coci suka shigo gidan da kuka, suka tarar da mamaciyar tana shara.

Da aka nuna mata fostar, haushi ya kama ta. Ta sa aka kira Derrick a waya.

"Wannan ni ne? Ina leshi na? Wa ya zuba mini tsatsa a fuska?"

"Kaka, shi ne sitayil yanzu. Na sha wahala kafin ya yi datti haka."

"Ka sha wahala ka sa mini datti! Sannu da aiki."

Ba ta gama faɗa ba mashin ya tsaya a ƙofar gida. Kumai ne, da akuya a ɗaure da buhun dawa na zaman makoki, idanu jawur. Ya diro da sauri kamar saurayi. Da ya gan ta tsaye da tsintsiya, sai ya sandare.

"Yaya... an ce..."

"An ce na mutu, shi ne gwiwa ya warke."

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon furfurar yaron da ta goya, zuciyarta na tafasa.

"Ɗaure akuyan a can," ta ce. "Ran Lahadi za ka zauna kusa da ni. Ranar da na mutu da gaske kuma, ka yi zamanka a Kauru. Ka riga ka zo naka zaman makokin."