Ta Wajen Babban Yatsa

A layinsu ba wanda ke kiranta da wani suna sai Auta, duk da ta haura arba'in, furfura ma ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Ɗinki take yi, yawanci rigunan 'yan makaranta, a ɗakin gaba na gidan mahaifinta. Kekenta na jikin taga, zare na cikin tsohon gwangwanin madara, almakashi kuma rataye a ƙusa. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan, daga ita sai tsohon.

Baba makaniken manyan motoci ne a zamaninsa. Mutanen gareji har yau suna ba da labarin yadda yake kwance noti da yatsu idan sifana ta ɓace. Ko ƙari suke yi, oho. Abin da Auta ta sani shi ne tsufa ya cinye masa komai ya bar hannun. Ƙafa ta yi rauni, ido ya dushe, ƙwaƙwalwa ta soma zubar da mutane ɗaya bayan ɗaya. Yau ya gane ta, har ya tambaye ta ko ta ci abinci. Gobe kuma ya dube ta kamar ɓarauniyar da ta hauro masa katanga.

Ranar da ya fara damƙe ta, shayi ta kai masa. Tana sunkuyawa za ta ajiye kofi, ya cafke mata wuyan hannu.

"Ke wace ce? Ina kika kai min makullaina?"

"Baba, ni ce Auta. Baba, za ka karya ni!"

Ko gezau. Tana ja, yana ƙara matsewa, har ta ji yatsunta sun daina zama nata. Sai da wani tunanin ya ɗauke masa hankali sannan ya sake ta don kansa. Ta yi kwanaki ba ta iya riƙe almakashi. Daga ranar tsoron ubanta ya shige ta, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraren numfashin wanda ke ciki kafin ya ɗaga labule.

Amma ba ta gaya wa kowa a dangi ba, saboda Yaya Babba. Shi ne wanta, a wani gari yake aiki, ƙarshen mako yake zuwa da ledar magani da faɗa. Akwai ranar da Baba ya shaƙe wa matar Yaya Babba wuyan riga, to tun ranar ya yanke hukunci.

"Idan ya sake taɓa wani, zan kai shi inda ake ajiye irinsu. Ba zan zauna a kira ni a ce ya yi kisa ba."

Auta ta taɓa raka wata dubiya wurin. Ta ga dogon baranda mai warin maganin wanki, ta ga gadaje da ɗamarar ɗaure majinyata a gefensu, ta ga wani tsoho yana kiran sunan da ba wanda ya amsa. Don haka ta koma ɗinka wa kanta riguna masu dogon hannu masu ɓoye shatin yatsun Baba, zafi ko ba zafi.

Ana haka ta ci karo da wani littafi a bakin titi, wurin mai tsofaffin littattafai, ta je neman mujallar salon ɗinki. Ba shi da bango, rubutunsa ma da wani yare ne da ba ta taɓa gani ba. Hotuna ne suka tsayar da ita. Wasu maza biyu ne a kowane shafi, ɗaya mai sanƙo, ɗaya mai gashin baki. Mai sanƙo ya riƙe wuyan hannun ɗan'uwansa daidai yadda Baba yake riƙe nata, a hoto na gaba kuma sai ga hannun ya fita.

"Malama, wa za ki kayar?" in ji mai littattafan yana dariya.

"Mai yawan tambaya," ta ce, ta naɗe shi a mayafi.

Koyon irin wannan abu yana buƙatar wanda zai riƙe ka, shi ya sa ta kira maƙwabciyarta Maman 'Yan Biyu, mai sayar da ƙanƙara, mace mai jiki da dariyar da ake ji daga ƙarshen layi. Suka ture buhun yadi gefe, suka jingina littafin a kan keke. Maman 'Yan Biyu ta zama mai sanƙo.

"Ni dai a wannan littafi kullum ni ake zalunta," ta ce. "Duba fuskar bawan Allah a hoton ƙarshe. Ko shafi ɗaya bai yi nasara ba."

Gaskiyarta ce. Kowace dabara a ƙasa take ƙarewa: mai sanƙo a kwance, an murɗe masa hannu ta baya, baki a buɗe. Auta ta dubi hotunan nan. Ta ɗauko ƙyallaye ta rufe na ƙarshen kowane shafi, ta soke su da allura.

"Ke, ai nan ne daɗin," in ji Maman 'Yan Biyu.

"Ubana ne fa. Fita kawai nake so in koya."

Sun sha wahala kafin su gane, don da farko littafin ma ta baya suka soma karanta shi. A hankali abin ya fito musu. Ashe ja ne ke ƙara wa mai riƙo ƙarfi. Kowane riƙo yana da ƙofa, kuma ƙofar tana wajen babban yatsa. Ka matso kusa da mutum maimakon ka gudu, ka sauke gwiwar hannu, ka juya ta inda babban yatsansa yake, sai ka ga ka fita kamar sabulu. Suka koyi na hannu ɗaya, suka koyi na hannu biyu, suka koyi na wuyan riga. Auta ta riƙa maimaitawa ko tana jiran ruwa ya tafasa, tana juya hannu a iska kamar mai korar ƙuda.

Ranar da Baba ya sake cafke ta, gabanta ya faɗi kamar kullum, amma hannun ya san hanya. Ta matso, ta juya, ta fita. Tsohon ya tsaya yana kallon tafinsa, ya manta abin da ya riƙe. Ita kuwa ta koma ɗakin ɗinki ta zauna a ƙasa, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Haka suka ci watanni. Tsoron bai tafi ba, ya dai sami wurin zama. Yaya Babba yana zuwa ya tarar da gida lafiya, ya ce ai maganin nan yana aiki. Hannun Auta kuma ya daina jiran umarninta. Wata mai kawo ɗinki ta taɓa kama ta don ta nuna mata inda aljihu ya karkace, kafin matar ta rufe baki hannun ya zame. Aka yi dariya, Auta ma ta taya su.

Abin ya faru ne da hantsi, a ranar da Baba ya tashi da hankalinsa garau. Ya kira ta Auta, ya ce a ba shi ruwan wanka da ɗumi. Da ya gama, ta je ta tarye shi a ƙofar banɗaki, suna takowa a hankali a kan siminti mai ɗan danshi, yana ba ta labarin wata tirela da ta taɓa wahalar da shi. Kwatsam ya damƙe mata wuyan hannu da dukan ƙarfinsa.

Ba ta yi tunanin komai ba. Gwiwar hannu ta sauka, hannu ya juya, ta fita.

Sai bayan ta fita ta ga fuskarsa. Babu fushi a ciki ko kaɗan. Jiri ne ya kwashe shi, idonsa na kanta, hannunsa a miƙe yana neman inda ta ɗauke nata. Ta kai hannu ta kama iska. Ƙarar faɗuwarsa ba ta da yawa, amma ta ji ta har cikin haƙoranta.

"Baba! Wayyo Allah, Baba! Maman 'Yan Biyu, ki zo!"

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunsa da wuya ya sake takawa. Yaya Babba ya iso da yamma, ya saurari bayanin yana murza goshi. Ya tambaye ta yadda aka yi, ta ce santsi ne. Sai ya ce da ita cikin lallashi, don a ganinsa albishir yake mata:

"To Auta, hankalinki ya kwanta. Tunda ba zai iya tashi ba, ba sai an kai shi ko'ina ba. A gida zai zauna."

Abin da ta yi watanni tana roƙon Allah ke nan. 

Can ma'aikaciyar jinya ta shigo za ta gyara masa kwanciya. Ana taɓa shi ya firgita, ya soma lalube a iska yana kiran mutanen da suka daɗe da mutuwa. Yaya Babba ya ja da baya. Auta ta matso ta sa masa hannunta, ya kama ya matse yadda ya saba. Nan take ta ji gwiwar hannunta tana son sauka da kanta. Ta danne ta da ɗayan hannun, zufa na keto mata, don yanzu nata hannun ya fi ba ta tsoro.

"Ke, zai karya ki!" in ji Yaya Babba. "Ja hannunki mana! Baba, sake ta!"

Yatsunta sun fara yin sanyi. Ba ta ɗago ta dube shi ba.

"Na san yadda ake fita, Yaya," ta ce. "Ka bar shi ya riƙe."