Mai Askin Baba

A layinsu babu wanda bai san mai aski ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran waya da wani kantin magani: kujera ɗaya mai juyawa, benci na masu jira, da madubi mai tsaga a kusurwa. Tsagar ma ta girme shi, don shagon na mahaifinsa ne. A nan ya koyi aiki, a nan ya sha ranƙwashi har hannunsa ya faɗa. Tsohon ba ya wasa da sana'a. Sajen hagu ake fara ɗauka, kunne lanƙwasa shi ake yi da babban yatsa, ba a ja, in an gama kuma a hura ƙeyar mutum sau biyu kafin a kai buroshi. Babbar dokarsa ita ce ba a razana mutum reza na wuyansa.

Mai aski ya haura hamsin, furfura ta fara masa, lokacin da kan tsohon ya soma rikicewa. Yau makulli ya ɓata, gobe an tsinci almakashi a cikin firji, har ranar da wani direba ya dawo da shi daga tasha ba takalmi. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Yayar mai aski da ke aure a nesa ta yi kuka a waya, sannan ta shiga zuba shawara: a yi masa kaza, kar a ba shi kaza. Wallahi da shawara na wanke zanin gado, da mai aski ya huta. Shi dai ya ɗauko mahaifinsa ya sa a ɗakin baya, ya shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ya ajiye bokiti, ya kafa sakata ta waje. Ranar da ya kafa sakatar nan bai iya cin abinci ba.

Matarsa malamar makaranta ce, da sassafe take fita, don haka safiya tasa ce. Shagon da ake buɗewa ƙarfe takwas ya koma sai azahar, masu zuwa aski suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mai gyaran waya yana tsokanarsa wai ya zama babban mutum, sai rana ta take yake fitowa. Duk wannan bai dame shi ba. Wanki da goge-goge da warin da ke bin hannu har shago, duk ya shanye. Abin da ke cin ransa shi ne tsohon bai san shi ba. Yana shiga ɗakin, tsohon zai ja bargo ya rufe fuska, ya ce ɓarawo ya shigo. Ya kai masa cokali, ya ture.

Gemun tsohon ne ya kawo mafita. Ya yi buzu-buzu, abinci na maƙalewa a ciki, sai wata safiya mai aski ya saka farar rigarsa ta aiki, ya shigo da tawul da reza da kwanon kumfa. Ikon Allah, tsohon na ganinsa ya miƙe zaune, ya ɗaga haɓa, ya ce a rage saje kaɗan, kar a taɓa gashin baki. Daga ranar aski ya zama na kullum, ko da babu abin askewa. Muddin tawul na wuyansa, zai sha shayi, zai haɗiye magani, zai yarda a goge masa jiki a canza masa wando. Matar tana dariya tana cewa ta ga shagon da ke da mutum ɗaya tal, kuma kullum sai ya kushe aikin.

Sai dai wanda ake yi wa aski ba ya rasa hira, kuma hirar tsohon ɗaya ce, ta ɗansa. Wai yana da ɗa namiji guda, ya koya masa sana'a da hannunsa, yaron ya samu abin yi ya watsar da shi, ko leƙe ba ya yi. Haka mai aski zai tsaya yana shafa kumfa yana jin ana tsine masa, yana cewa sai haƙuri, ranka ya daɗe. Wata takwas ana haka. Ba godiya yake nema ba, Allah ya sani. So yake kafin mutumin nan ya bar duniya ya sani, ko na minti ɗaya ne, cewa ɗansa bai gudu ba.

Ranar da ya yi kuskuren, ya fito daga wankin zanin gado na biyu ke nan, yatsunsa duk sun tsattsage da sabulu. Ya gama kumatu, ya gangaro wuya, sai tsohon ya ce ai yaron nan ɗan banza ne, ko gawarsa ba ya so ya zo ya gani. Haƙurin ya ƙare.

"Baba, ni ne fa. Dube ni da kyau."

Tsohon ya zabura, rezar ta shige ƙarƙashin muƙamuƙi. Ciwon ƙarami ne, amma jini ya ɓata tawul, ihu ya cika gida. Shekara talatin yana riƙe da reza bai taɓa yankan kowa ba, sai mutumin da ya kafa masa dokar. Kwana tara tsohon bai yarda da farar riga ba, bai karɓi ko ruwa daga hannunsa ba. Matar ta ɗauki hutu tana lallashi cokali-cokali, jikin tsohon na zubewa a kan idonsu. Yaya ta kira ta wanke shi tas, ya riƙe waya yana ji, don a ganinsa ta yi gaskiya.

A kwana na goma ya tsaya a ƙofar ɗakin, a cikin gidansa, ya ƙwanƙwasa kamar baƙo. Ya ce wancan mai askin an kore shi, shi sabo ne aka turo. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga haɓa. Mai aski ya fara da sajen hagu, ya lanƙwasa kunne, ya kauce wa tabon. Da ya gama ya sunkuya ya hura ƙeyar sau biyu, sai ya ji an damƙe masa hannu.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Babana."

"Yana raye?"

"Yana nan."

"Kana zuwa ganinsa?"

"Kullum."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce wannan uba ya yi sa'ar ɗa. Maganar ta zo wa mai aski har bakin leɓe, ya dubi tabon, ya haɗiye ta.

"Nawa ma mai aski ne," in ji tsohon. "In ka gan shi, ka ce ina nemansa. Ka ce ban yi fushi ba."

"Zan faɗa masa, ranka ya daɗe."

Sati uku bayan nan tsohon ya rasu, da hantsi, fuskarsa fes, bai gane shi ba har ƙarshe. Da aka watse daga zaman makoki, mai aski ya cire sakatar ɗakin baya, ya koma buɗe shago ƙarfe takwas. Safiyar farko ba kowa a benci. Ya saka farar rigarsa, ya tsaya gaban madubin mai tsaga, ya dubi mai furfurar da ke ciki.

"Baba na nemanka," ya ce. "Ya ce bai yi fushi ba."

Kukan da bai yi ba tun ranar rasuwar a nan ya zo masa, har sai da mai gyaran waya ya shigo ya janyo ƙofar.