Takunkumin Kofur Tolliver

Cleavon Tolliver mutumin kudancin jihar Alabama ta Amurka ne, ɗan manomin gyaɗa. Duk wanda ya zauna da shi ya san shi da abu biyu: ba ya kawo kuka a kan komai, kuma munsharinsa yana ratsa bango. Ya shiga soja yana saurayi, domin gonar mahaifinsa ba ta isa ta riƙe 'ya'ya maza huɗu ba. Aka koya masa tuƙin tankar mai, aka kai shi hamada a yaƙin farko na yankin Tekun Fasha, ya dawo da igiyar kofur da gaɓoɓinsa cikakku. Lambobin da aka ba shi suna rataye a falo, amma ba su ne abin alfaharinsa ba. Abin da yake so a sani shi ne, duk shekarun da ya yi cikin kaki bai taɓa shiga layin masu ganin likita ba. A rundunarsu, wanda ya shiga layin nan da safe raggo ne har ranar da zai tuɓe kaki.

Da ya bar soja ya sayi tsohuwar tirela, ya zama direban kansa. Yakan ɗauki taki da auduga a sauran watanni, amma kakar gyaɗa ce ke riƙe masa shekara. Idan aka fara tono, manoma sukan jera wayoyi, shi kuwa yana zirga-zirga tsakanin gonaki da wurin awo tun da hantsi har faɗuwar rana. Matarsa Vernetta tana dafa abinci a makarantar firamare ta garin. Ta daɗe da ƙaura zuwa ɗakin da ke kusa saboda munsharin, ba da faɗa ba. Abin da ke tsorata ta ba ƙarar ba ce, shirun da ke biyo baya ne, sa'ad da numfashinsa yake ɗaukewa har ta zaci ba zai dawo ba.

Direban babbar mota ba ya hawa hanya sai da takardar shaidar lafiya. A bazarar da Cleavon ya kusa cika sittin, likitar da ke duba direbobi, Likita Faircloth, ta auna wuyansa, ta dubi idanunsa, ta tura shi gwajin barci. Sakamakon ya nuna maƙogwaronsa yana toshewa idan ya kwanta, sau da yawa ƙwarai. Aka ba shi na'ura mai hura iska ta cikin tiyo, da takunkumin roba mai rufe hanci da baki. Likitar ta ba shi takarda ta ɗan lokaci, wadda za ta ƙare daidai bakin kaka. Ta gaya masa cewa na'urar tana rubuta duk lokacin da aka sa ta. Idan rubutun ya nuna yana amfani da ita, za ta sa masa hannu na shekara. Idan bai nuna ba, tirela za ta kwana a gida.

A zauren tsofaffin sojoji na garin akwai wani dattijo, Odell Crenshaw, wanda ke taimaka wa mutane neman diyyar lalurar da suka samo a bakin aiki. Shi ne sajen su Cleavon a hamada, kuma har yau bai daina kiransa Injin Niƙa ba, saboda munsharinsa. Odell ya shigar masa da buƙatar diyyar wannan ciwon barci, amsa ta dawo cewa babu abin da ke nuna ciwon ya fara yana soja, tunda bai taɓa kai kansa asibitin bariki ba.

"To, ga jarumtarka nan ta yi maka rana," in ji Odell. "Mu da muka riƙa jifanka da takalma a cikin tanti mun san lokacin da ya fara. Takalma kuwa ba sa ba da shaida."

Ya ce za su ɗaukaka ƙara, shi da kansa zai faɗi abin da kunnensa ya ji. Sa'annan ya rage murya, ya tambaye shi ko akwai wani abu kuma da ya biyo shi daga hamadar, wanda ya kamata a ambata. Cleavon ya ce babu. Ya ce lafiyarsa lau, Saje, ya ɗauki hularsa ya fita.

Akwai kuwa, sai dai shi kansa bai sani ba sai ranar da robar nan ta taɓa fuskarsa. A hamada, idan jiniya ta tashi, kowa yakan zaro takunkumin kariya daga iska mai guba, ya faɗa rami, ya zauna yana sauraron numfashinsa, bai san abin da ke yawo a waje ba. Ba a cirewa sai an ba da umarni, kuma mai hankali ba ya gyangyaɗi a ciki. Cleavon ya yi zaton ya manta da wannan. Jikinsa bai manta ba. Da ya ɗaure madaurin a ƙeya sai zuciyarsa ta hau bugu, gumi ya keto masa, barci ya gudu kamar ba a taɓa halittarsa ba.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya lura cewa na'urar ba ta bambanta mai barci da mai ido biyu, iska kawai take lissafawa. Saboda haka ya mai da abin gadi. Yakan sa takunkumin ya zauna a bakin gado, bayansa a miƙe, har ya tabbata rubutun ya cika, sa'annan ya cire ya kwanta ɗan abin da ya rage kafin gari ya waye. Vernetta ta ji munshari ya ragu, ta yi godiya a coci a gaban jama'a. Shi kuma ya riƙa ramewa ta ido. Ya koma shan kofi kamar ruwa, yana tuƙi gilashi a sauke, yana tauna ƙanƙara.

Wata rana da la'asar, makarantu sun koma, yana tafe da lodin taki a kan hanyar da ya sani kamar tsakar gidansa. Ya tuna ya wuce gada. Abin da ya gani bayan wannan shi ne bayan motar 'yan makaranta, rawaya, a tsaye, jajayen fitilunta suna walƙiya, ta cika masa gilashin gaba. Bai san sa'ad da ƙafarsa ta sami birki ba. Tirelar ta yi kuka, ta ja tayoyi, ta tsaya da tazarar da mutum ɗaya zai iya bi ta tsakani. Yara biyu suka sauka suka tsallaka titi suna musu a kan wata ƙwallo. Direbar motar, wadda suke coci ɗaya, ta hango shi ta madubi, ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Ya ɗaga mata. Bayan sun tafi ya daɗe a wurin kafin ya ja motar.

Wannan ma bai faɗa ba. Ranar ganin likita ta matso, manoma har sun fara kira.

Ranar Asabar Odell ya zo gida da rana domin su shirya maganar ɗaukaka ƙara. Vernetta ta kawo musu dafaffiyar gyaɗa da shayi mai ƙanƙara a baranda. Odell ya ce shi fa sai ya ga abin da ya iya rufe bakin Injin Niƙa, abin da rundunar soja guda ta kasa. Ya yi ta tsokana har Cleavon ya ɗauko na'urar ya jona ta. Odell ya ce a sa ya gani, ko zai fi kyau da rabin fuskar a rufe.

Cleavon ya ɗaga takunkumin. Kafin ya kai fuska ya ɗauke numfashi, ya runtse ido. Ya zura haɓa, ya ja madauri, ya dafe gaban robar da tafin hannu, ya hura da ƙarfi. Sa'annan ya miƙe zaune, idanunsa suna bin gefen gonaki.

Odell ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa. Ya san wannan jerin motsi, domin shi ya koyar da shi, da ihu, a filin horo, har sai da samarin suka iya yin sa ba tare da tunani ba.

"Kofur," in ji shi a hankali, "a cikin wannan kake barci?"

Cleavon ya cire takunkumin. Gaban rigarsa ya jiƙe. Ya ce na'urar tana rubuta abin da ake buƙata.

"Ba na'ura na tambaya ba."

Sai ya faɗi yadda yake yi, a gajarce, yana kallon ƙasa. Vernetta tana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mista Tolliver, ashe ƙarya na yi a gaban coci." Ba ta kiransa haka sai ranta ya ɓaci ƙwarai.

Odell ya ce wannan magana ce ta likita, kuma ita ce abin da ya tambaye shi tun a zaure. Ya ce akwai irinsu da yawa, akwai kuma yadda ake yi musu. Cleavon ya amsa cewa idan ya buɗe baki, ba zai ga kakar bana a bayan sitiyari ba, manoman da suka saba kiransa za su sami wani, kuma wanda aka maye gurbinsa a shekarunsa ba a cika sake nemansa ba. Ya ce ya riƙe gadi a wuraren da suka fi wannan muni. A bar shi ya wuce kaka, daga baya a yi duk maganin da za a yi.

"Ni ba zan kai ka ƙara ba," in ji Odell. "Na daina ba da umarni tun kana da baƙin gashi. Amma gadin da ka riƙe a can, akwai mai karɓarka."

Ranar Talata Vernetta ta ɗauki hutu ta raka shi, ko da yake ba su yi magana a hanya ba. Ta zauna a ɗakin jira, jakarta a cinya. Likita Faircloth ta buɗe rubutun na'urar, fuskarta ta sake. Ta ce da dukan direbobinta haka suke, da ta huta. Numfashi bai ɗauke ba ko kaɗan, lokaci ya cika har ya yi rara. Ta jawo takardar shekara, ta cire murfin alƙalami, ta tambaye shi, ba tare da ta ɗago ba, yadda yake jin barcinsa yanzu.

"Lafiya lau, ranki ya daɗe."

Maganar ta fita da kanta, kamar yadda ta saba fita tun yana saurayi. Likitar ta fara rubuta sunansa. Ya zauna yana kallon bakin alƙalamin yana tafiya. Saura layi ɗaya, ya fita da takardarsa, ya kira manoman ya ce gobe yana nan. Babu wanda zai tsayar da shi. Ta tagar ofishin ana jin hayaniyar filin wasan makarantar da ke tsallaken titi.

"Likita," in ji shi. "Kada ki sa hannu. Abin da ke rubuce nan, idona biyu aka rubuta shi."

Ta ɗago. Ta mai da murfin alƙalamin, ta juyo da kujerarta, ta ce ya fara daga farko. Ya fara daga jiniya, ya ƙare da motar 'yan makaranta. Bai taɓa jera kalmomi masu yawa haka a kan kansa ba. Da ya gama ta ce ba zai tuƙa tirela ba sai barci ya tabbata. Ba ta yi masa alkawarin rana ba. Ta rubuta masa wani irin abin sawa, ƙarami, wanda ke tsayawa a ƙofar hanci kawai, ba ya rufe fuska. Ta haɗa shi da wani likita na asibitin tsofaffin sojoji wanda ke zama da masu irin damuwarsa. Ta ce ya riƙa sa abin da rana tukuna, a wurin da ya fi sakewa.

Kakar bana ta wuce shi. Wani ɗan'uwan Vernetta ya karɓi hayar tirelar, wasu manoman suka bi motar, wasu suka koma wurin wani. Odell ya shigar da ƙarar da duk abin da aka faɗa a ofishin likita, ya ce amsa takan daɗe, kada a ƙosa.

Tsakiyar kaka, da azahar, Cleavon da Odell suna baranda. Iska tana ɗauke da ƙamshin ƙasar da aka tone. Motoci suna wucewa maƙare da gyaɗa, Cleavon yana gane kowace da ƙarar injinta. Ƙaramin abin yana hancinsa, na'urar tana huci a ƙarƙashin kujera. Wannan karon bai ɗauke numfashi ba kafin ya sa, ko da yake hannunsa ya tashi zai dafe, ya mai da shi cinya. Odell yana ba shi labarin wani kuku na rundunarsu wanda bai taɓa dafa wake ya nuna ba. Yana tsakiyar labarin ya ga haɓar Cleavon ta sauka a ƙirji.

Ya yi shiru yana sauraro. Babu munshari, babu kuma wancan shirun na ɗaukewar numfashi. Vernetta ta leƙo da faranti, ya ɗaga mata yatsa kada ta tashe shi. Tirelar Cleavon ta zo wucewa, direban ya kai hannu zai danna oda ya gaisa. Odell ya miƙe da sandarsa, ya sauka har bakin titi, yana girgiza masa hannu kada ya danna.