Ranar da Ƴan Tirmini Suka Zo a Ƙasa

Damina biyu a jere ba ta yi ba. A lokacin ina koyarwa a wata lakkwal, wato makarantar boko, a Zango, ana ce mini Mushe kamar kowane malamin lakkwal, ranar Lahadi kuma ina alƙalancin ƙwallo a gasar unguwanni da ƙauyuka. Arbitir ake ce mana. Mu huɗu ne, ba wanda ake biya, baƙar rigata ma matata ce ta rina mini.

An yi ƙwallo cikin fari, amma ƙwallon masu yunwa. Na sha ganin ɗan wasa ya tsuguna a tsakiyar fili ba wanda ya taɓa shi. Sai in tsayar da wasa, in sunkuya kamar ina ɗaure igiyar takalmi, har ya miƙe.

Shugaban komitin gasar wani Alhaji ne mai sayar da yadi, ɗan tsohon gida a Birni, kakanninsa daga Barno suka zo. Ba mugu ba ne. Sai dai yana riƙe da gasar yadda yake riƙe da shagonsa, ya buɗe in ya so, ya rufe in ya so. Jerin wasanni a aljihunsa yake, ƙwallon gasa guda ɗaya kuma a ƙarƙashin kantarsa take kwana. A shekarar komiti ya samu jar dawa ta taimako, ya sanar cewa duk ƙungiyar ƙauye da ta zo gari ta buga za ta koma da buhu.

Wasan ƴan Tirmini da ƴan unguwarmu bayan la'asar aka sa shi. Daren Asabar bai yi ba sai Alhaji ya aiko a ce mini ya mai da shi hantsi, don yana da bikin suna a Takieta, yana son ya gani kafin ya tafi. Da safe na same shi a bakin fili, na gaishe shi, na ce, “Alhaji, an gaya wa ƴan Tirmini?”

“An aika, Mushe.”

“Wa aka aika?”

Ya dube ni, ya dubi agogo. Ban ƙara tambaya ba. Na san ba a aika ba, tun a wurin na sani.

Muka jira minti goma sha biyar kamar yadda doka ta ce. Ƴan unguwarmu suka jeru, ɗaya rabin filin babu kowa sai wata ramammiyar akuya. Na busa usur sau uku, na rubuta forfe, wato waɗanda ba su zo ba sun faɗi. Alhaji ya buga hatimi, ya kulle ƙwallo a shago, ya shiga mota.

Bayan azahar ina zaure na ji sallama. Mutum goma sha ɗaya ne a ƙofar gidana, takalman wasa a rataye a wuya, ƙafafunsu fari fat. Tun asuba suka taso a ƙasa, don ba su da na mota. Sun je fili ba kowa, mai shayi ya nuna musu gidana. Kapitensu na gaba, manomi dogo da ya haura talatin, mai tsaron baya wanda ban taɓa ba shi ko gargaɗi ba.

“Mushe, an ce ka busa.”

“Na busa.”

“Muna hanya?”

Na ce doka ce, na ce komiti ne. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga murya ba. Bai ma tambayi buhu ba, wani ƙarami a bayansa ne ya tambaya. Na ce wanda bai buga ba, ba shi da buhu, kuma mabuɗin wurin ajiyar dawar yana Takieta a hannun Alhaji.

Matata ta dama kunu da ɗan garin da ya rage mana, ta miƙo da ƙwarya. Suka sha ludayi bibbiyu, kapiten ya sha a ƙarshe. Da ya ajiye ludayin ya ce, “To, a ba mu balo mu taɓa, ko mu-ya-mu ne. Kada mu koma mu ce ko fili ba mu shiga ba.”

Na rasa yadda zan gaya masa. Na dai gaya masa ƙwallon tana kulle a shagon Alhaji. Ya yi wa matata godiya ta bayan labule, suka tashi. Na raka su har bakin hanyar Takieta, na tsaya ina kallonsu a jere a gefen kwalta, rana tana dukan fuskarsu.

Washegari na rubuta rapor mai shafi biyu na kai wa Alhaji. Ya karanta rabi, ya ce takarda ta riga ta sha hatimi, buhun kuma an ba wata ƙungiya. Ya ce, “Kai ka busa, Mushe, ba ni ba.”

Wata biyu bayan haka aka tura ni Tirmini wasan ramuwa. Na hau kamiyo, babbar motar kaya, na je. Mutum biyar na tarar a filin. Sauran sun bi hanyar Kano neman abinci, wasu sun yi arewa. Ƴan wasan da za su zo daga gari ba su zo ba, su ma ba wanda ya gaya musu ranar. Muka zauna ƙarƙashin wata aduwa da aka sassaƙe wa dabbobi rassanta. Ban ciro usur ba, ban rubuta kome ba, komiti kuma bai taɓa tambaya ba.

Na tambayi kapiten. Wani tsoho, kawunsa, ya ce ƙaramar ɗiyar kapiten ta rasu makonni uku da suka wuce, bayan addu'ar bakwai ya ɗauki matarsa da sauran yaran suka tafi. Na ce ko ya bar inda za a same shi. Ya ce a'a.

Ban ce buhu ɗaya zai tsare ta ba, rai na Allah ne. Na dai yi wa tsohon gaisuwa, na ce in kapiten ya dawo ya gaya masa arbitir ya zo. Ya ce zai faɗa. Na ƙara shekara huɗu ina busa, duk wanda ya zo daga Tirmini ina tambayarsa. Bai dawo ba.