Malam Hamisu da ranar da na kashe kwamfutar buro

Ina share tebur a buro, wato ofishin lakwal, makarantarmu ta Malbaza, wani ɗan kabu-kabu ya leƙo ta taga ya ce, "Malama Rabi, Malam Hamisu na Konni ya rasu da asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna.

Shi ne mai gyara mana kwamfutar da nake buga takardu da ita. Mutum ne marar gaggawa, har yakan ba ni haushi. In zai saka sabuwar manhaja, na'urar takan tsaya ta ce akwai wasu ƙananan manhajoji da wannan ta dogara da su, ta duba cikinta babu, ta duba faifai babu. Da muna da intanet da ta nemo su da kanta, mu kuwa ko tarho ba mu da shi. Sai ya rubuta sunan kowace da lambarta, ya hau mota zuwa gidan intanet a Konni ya kwaso. Yakan ce, "Ba gardama take ba, Rabi. Abin da ta rasa take gaya miki. Karanta."

Ban karanta ba. Makon da za a aika sunayen 'yan jarrabawa zuwa garin Tawa, na tashi sabunta manhajar rubutu ni kaɗai. Ta yi ƙorafi, na tilasta mata ta wuce. Shi ke nan, ta ƙi buɗewa! Ga sunayen yara a ciki, Juma'a ce ranar ƙarshe. Yaron da sunansa bai je ba ya yi asarar shekara.

Sau uku Malam Hamisu ya je Konni cikin kwana biyu. Ya kawo wadda ta rasa, ita ma ta ce sai da wata. Ya kawo waccan, ashe tsohuwa ce. Ko tsaki bai yi ba. Direkta ya tsaya kanmu yana faɗa: "Wa ya taɓa ta?" Malam Hamisu bai ɗago kai ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da babu nake nema, bari in gama da shi."

Ranar Alhamis da la'asar sunayen suka fito, ko ɗaya bai ɓata ba. Yaran duka sun zauna jarrabawa. Har ya koma ga Allah bai tayar mini da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni yi masa godiya. Wallahi abin yana ci mini rai. Direkta, yau ga amsarka: ni ce.

Allah Ya jiƙan Malam Hamisu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya Atu da yaransu haƙuri, Ya raya su. Ya Allah, Ka rufa masa asiri gobe kiyama kamar yadda ya rufa mini.